Juma'ar da Muka Ɓalle Ƙofa da Taɓarya

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kibiya, an yi wata Juma'a da har yau ba na tuna ta ban ce alhamdulillahi ba. Wasunku sun sha tambayata me ya sa nake yawan magana a kan gidajen da ake kula da tsofaffi da marasa lafiya. To, yau yara sun tafi gidan kakarsu, na samu sarari, bari in ba ku labarin daga tushe.

Ina da baffa, ƙanen mahaifina. Direban babbar mota ne tun yana saurayi, yana ɗaukar hatsi da albasa daga kasuwannin nan namu zuwa kudu. Allah bai ba shi haihuwa ba, don haka mu ne 'ya'yansa. In ya dawo daga tafiya, tun daga bakin titi muke jin hon ɗinsa, mu kwasa a guje, don mun san akwai kwakwa da lemo a ƙarƙashin kujera. Mahaifinmu ya riga shi rasuwa, daga baya matar Baffa ma ta rasu, sai ya dawo gidanmu da zama, aka gyara masa ɗakin da ke kusa da soro.

A nan mantuwa ta fara kama shi. Da farko abin dariya muka ɗauke shi: ya ci tuwo ya wanke hannu, can ya leƙo ya ce wai yau ba a girki ne a gidan nan? Sannu a hankali sunayenmu suka fara ɓace masa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne fita. Sai ya saka hula ya ce zai je ya duba mota, motar da aka sayar tun ina budurwa. Wata rana a hanyar Rano aka tsinto shi, wata rana kuma wani makiyayi ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi daga bayan gari, ƙafafunsa duk ƙaya.

Mahaifiyata ce kaɗai a gidan, ga hawan jini ga ciwon gwiwa. Yayana yana aiki a Kano. Ni ina gidan mijina da ƙananan yara da aikin makaranta. Kowa yana iya ƙoƙarinsa, amma ƙoƙarin bai isa ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani gida a Rano. Wata Hajiya ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta mayar da gidan da mijinta ya bar mata wurin kula da manya waɗanda ba sa iya kula da kansu. Ba su da yawa, mata a ɓangare ɗaya, maza a ɗaya. Da na kawo maganar gida, mahaifiyata ta ce, “Yanzu ƙanen ubanku za mu ɗauka mu kai wa bare? Da wane ido zan kalli mutanen garin nan?”

Na ce, “Inna, in mota ta kaɗe shi a titi fa, da wane ido za mu kalle su?”

Bayan 'yan kwanaki ita ta ce in raka ta mu ga wurin.

Gaskiya gidan ya burge mu. Tsakar gida a share, zannuwan gado a wanke, babu wannan warin da ake ji a ɗakin majinyacin da aka gaji da shi. Hajiya mace ce mai jiki, mai magana a tsanake, ta san maganin kowa da lokacin shansa. Akwai mai girki, akwai kuma wani magidanci mai haƙuri da ke kula da ɓangaren maza, shi ke yi musu wanka da aski, shi ke kai su bayan gida. Ni kuwa na shiga madafa na buɗe tukunya, na shafa katifa, na shinshina matashin kai, ina ji da kaina kamar wata babbar mai bincike. Abin da na san a duba ke nan.

Aka ba Baffa gado a ɗakin maza tare da mutum biyu. Ɗaya tsohon maɗinki ne da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, amma bakinsa lafiya lau, akwai barkwanci. Ɗayan wani dattijon Bafulatani ne makaho, mai yawan shiru da jan carbi. Cikin 'yan watanni Baffa ya murmure, har kumatu ya yi. Mahaifiyata ta fara barci. Ni kuma na mayar da Juma'a ranar ziyara, tunda ana tashinmu da wuri.

Ranar da abin ya faru bazara ce, irin zafin nan na gab da faɗuwar damina. Na tsaya na yi masa dambu da zogale, don ko ya manta sunana bai manta da dambu ba, wannan ya sa na makara. Na zuba a kula, na hau adaidaita sahu. Ko da na isa Rano tituna sun yi tsit, maza duk sun tafi masallaci, ana jiyo huɗuba ta lasifika. Ban taɓa zuwa a daidai wannan lokacin ba.

Na tarar da Hajiya a baranda ta idar da alwala. Muka gaisa, na nufi ɗakin maza, sai na tsaya cak. Kwaɗo ne sabo fil a jikin ƙofar, an datse ta daga waje.

Na ce, “Hajiya, ina suka je?”

Ta ce, “Suna ciki, 'yata. Zo ki zauna in gaya miki.” Ta ce makonni kaɗan da suka wuce Baffa ya bi ayarin masu zuwa masallaci ya ɓace a cikin jama'a, sai bayan la'asar aka gan shi a tasha yana tambayar direbobi wa ya ɗauke masa mota. Tun daga ranar, in mai kula da su zai tafi Juma'a, sai ya rufe ɗakin. “Ni ba zan iya bin sa da gwiwoyin nan ba, mai girki kuma tana madafa. Na ɗan lokaci ne, ana saukowa za a buɗe.”

Abin bai kwanta mini ba, amma ban ga ta inda zan yi musu ba, don ni ma na san halin Baffa. Na zagaya ta taga, wadda aka yi wa ƙarafuna irin na maganin ɓarayi, na leƙa na gaishe su. Maɗinkin nan ya ce, “Malama, in dambu ne a kular nan, ki sani ɗakin nan mu uku ne.” Muka yi dariya.

Ina tsaye a wurin aka kawo wuta. Fankar baranda ta ɗauki gudu da wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, ƙwan fitila ya yi fau ya fashe. Hajiya ta ce, “Kai, wannan wuta ta yi ƙarfi.” Ba a jima ba na ji ƙaurin roba. Sai ga mai girki ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana nuna sito tana ihu: “Hajiya, hayaƙi! Hayaƙi!”

Siton nan bango ɗaya ne da ɗakin maza, silinsu ma ɗaya. A cikinsa ake tara tsofaffin katifun soso da buhunan kaya, akwai kuma wani soket da aka jona firji a jikinsa. Hajiya ta yi ta maza ta je ta cire fis ɗin gidan, amma katifun sun riga sun kama. Wanda bai taɓa ganin hayaƙin soso ba ba zai gane ba. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, yana shiga maƙogwaro kamar barkono. Ina kallo ya fara bin silin yana sauka cikin ɗakin su Baffa.

Na ce, “Mukulli! Hajiya, mukulli!”

Mukullin yana aljihun mai kula da su, shi kuma yana sahu a masallaci. Hajiya ta zazzage jakarta a ƙasa, ta ɗauko tarin mukullai, tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya shiga, don kwaɗon sabo ne, ba a kai ga raba mukullansa ba. Na kira wayarsa, a kashe. Daga ciki muna jin tari, muna jin dattijon nan makaho yana salati da ƙarfi, mutumin da ko gaisuwa sai ka kasa kunne kake jin amsarsa.

A nan hankalina ya bar jikina. Wallahi da kular dambun na dinga dukan kwaɗon. Kular roba, jama'a. Ban san me nake tsammani za ta yi masa ba. Da ta tarwatse, na fita titi ina ihu, “Gobara! Jama'a ku taimaka, gobara! Akwai mutane a ciki!”

Babu namiji ko ɗaya a layin. Mata ne suka yi ta fitowa, wata da bokiti, wata da goyo, wata ko mayafi babu. Maƙwabciyar Hajiya, wata doguwar mata mai sana'ar fura, ta shigo ta kalli ƙofar sau ɗaya, ta juya da gudu. Na zaci tsoro ta ji. Sai ga ta ta dawo da taɓare a kafaɗa, 'yarta matar aure na biye da ita da wata. Ta miƙo mini ɗaya ta ce, “Bar kwaɗon, ba zai karye ba. Katakon za mu daka, nan inda aka kafa ƙarfen.”

Muka tsaya mu uku muka shiga dukan wuri ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, kamar yadda ake daka a turmi ɗaya. Ba wanda ya tsara mana, hannu ne kawai ya tuna. Sauran mata suna ta watsa ruwa a sito, wasu sun shiga ɓangaren mata sun fito da tsofaffin da ke can. Idona na zubar da ruwa, ba na ganin komai sosai, ina dai jin mai furar nan tana cewa, “Ƙara! Ƙara! Ya kusa!” Can katakon ya tsage, ƙarfen ya fita da ƙusoshinsa, ƙyauren ya buɗe.

Hayaƙi ya bugo mu har sai da muka ja baya. Na duƙa zan shiga da rarrafe, ina tunanin yadda zan lalubo gadaje a cikin duhun nan, sai hannuna ya taɓa mutum a nan bakin ƙofa. Su ukun duk suna wurin, a ƙasa. Baffa ya sauko da maɗinkin daga gado, ya ɗora shi a tabarma, ya jawo shi har ƙofa. Makahon yana durƙushe ya riƙe gefen rigar Baffa. Shi kuma Baffa yana tari yana ba da umarni da wata murya da na rabu da ji tun ina yarinya: “Kowa ya sunkuya. A hankali za a sauka. Kar wanda ya tsaya ɗaukar kaya.”

Ya ɗago ya kalle ni, bai gane ni ba. Ya ce, “Ke, kama nan,” ya miƙo mini bakin tabarma. Na kama, mai fura ta kama, muka ja maɗinkin zuwa tsakar gida. Na koma na riƙo hannun makahon ina ce masa, “Baba, duba gabanka, akwai dakali! Duba gabanka!” Daga baya da hankali ya kwanta, shi da kansa ya tuna mini, ya ce, “'Yar nan, da ina iya dubawa ai da ban jira ki ba.”

Ba mu daɗe da fitowa ba silin ɗakin ya rufto a kan gadajen. Na zauna daɓas a ƙasa ina kallon wurin da kan Baffa yake kwanciya yana ci da wuta. A lokacin ne aka sauko daga masallaci, maza suka ga hayaƙi suka yo gudu, aka haɗu da ruwa da yashi aka kashe. Sito ya ƙone ƙurmus, rabin rufin ɗakin maza ya tafi. Amma babu rai ko ɗaya da ya salwanta.

Mai kula da su ya shigo yana haki, mukullin a hannunsa. Da ya ga ƙofar a ɓalle, ya ga mutanensa a zube a tsakar gida suna numfashi, sai ya durƙusa ya fashe da kuka kamar yaro. Aka kwashe su zuwa asibiti. Baffa ya ɗan ƙone a bayan hannu, maɗinkin ya sha hayaƙi amma ya farfaɗo da wuri, makahon ne aka riƙe na wasu kwanaki saboda ƙirjinsa. Ni kuwa sai a asibiti na lura takalmi ɗaya ne a ƙafata, hijabina a juye, ga dambu har cikin gashina.

Da yamma yayana ya iso daga Kano ransa a ɓace. Ya ce, “An kulle mana uba kamar akuya! Wallahi sai na kai ƙara, kuma ba zai sake kwana a gidan nan ba.” Ban ga laifinsa ba, ni ma a ranar haka nake ji. Muka ɗauko Baffa muka dawo da shi Kibiya.

Bayan kwana biyu na koma Rano ɗauko abin da ya tsira na kayansa, sai na tarar da duba-gari sun zo daga ƙaramar hukuma, namiji da mace. Na tsaya a gefe ina kallo. Sun zagaya ko'ina. Suka ga wayoyin wuta da aka jojjona aka naɗe da leda, suka ga tukunyar gas a jikin bangon ɗakin mata, suka ga duk gidan ƙofar fita ɗaya ce, kowace taga kuma da ƙarfe. Matar ta shiga banɗaki ta taka siminti ta ce yana da santsi, kuma babu abin da tsoho zai dafa.

Hajiya tana zaune a kujera, ta rame cikin kwana biyun nan kamar ta yi jinyar wata guda. Ta ce, “Ba sai kun wahalar da kanku ba. Ni da kaina na rufe gidan nan. Shekarun da na yi a asibiti ban taɓa kashe kowa ba, ba zan fara a gidana ba.”

Namijin ya ce, “Hajiya, rufewa kam za a rufe, har sai an gyara. Amma in kin rufe gaba ɗaya, wancan dattijon da ke asibiti wa zai ɗauke shi? Mun tambaya, an ce ba shi da kowa a kusa.” Ya ci gaba da cewa, “Ba mu ce ba kya kula da su ba, kowa a unguwar nan ya shaide ki. Amma mutumin da ba ya iya gudu da ƙafarsa, ba a kulle shi a tafi da mukulli, ko na minti ɗaya ne. In kina tsoron ya fita, ƙofar gida za a tsare, kuma mutum ne zai tsare ta.”

Suka faɗa mata abubuwan da sai an yi kafin su yarda a dawo da kowa, suka ce za su dawo su gani da idonsu, kuma za su riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba. Na dawo gida ina ba mahaifiyata labari, ta ce, “Allah sarki baiwar Allah. Ita ma tsoron da muke ji ne ya sa ta.”

Zaman Baffa a gida ya tuna mana abin da muka manta. Ya daina cin abinci sosai, yana ta tambayar ina fasinjojinsa, wato abokan ɗakinsa. Ya fice mana har sau biyu da rana tsaka. Mahaifiyata jininta ya hau. Yayana ya ɗauki hutu ya zo ya ce shi zai kula da shi da kansa, mu ga yadda ake yi. Ranar farko yana ta ba mu shawarwari. Rana ta biyu Baffa ya zille masa yana cikin wanka, yayan nawa ya fito da kumfa a kunne yana bin sa a layi. A rana ta uku ya same ni a madafa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Wai gyaran gidan Hajiyar nan, ina aka kwana?”

Ashe mutanen unguwar ba su bar ta ita kaɗai ba. Mai furar nan ce ta dinga bi gida-gida tana cewa ba za a bar wurin ya mutu ba. Wani mai gyaran wuta ya sake wa gidan wayoyi gaba ɗaya. Magini ya fasa bango ta baya aka fitar da ƙofa ta biyu mai faɗi, wadda keken guragu zai wuce. Mai walda ya yanke ƙarafunan tagogi ya mayar da su masu buɗewa. Aka fitar da gas waje aka yi masa 'yar rumfarsa, aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, aka rataye tukunyar kashe gobara a baranda, ga bokitan yashi a ƙarƙashinta. Yayana da ya rantse zai kai ƙara, shi ya kawo kwanon rufi daga Kano.

Saura maganar Juma'a. Mai kula da mazan ya shiga damuwa, yana ganin ko dai ya bar aikin ko ya bar masallaci. Hajiya ta tura shi wurin limamin unguwa. Liman ya ce masa wanda ke jinyar mara lafiyan da ba a iya bari shi kaɗai yana da uzuri, ya yi azahar ɗinsa a gida, ladansa na nan. Duk da haka aka samo wani mutum na biyu suka riƙa karɓa-karɓa, wannan ya je wannan makon, wancan ya je mako mai zuwa. Ƙofar gida kuma aka rataya mata ƙararrawa, ko kyanwa ta taɓa ta sai an ji.

Da duba-gari suka dawo suka gamsu, aka buɗe. Ranar da za mu mayar da Baffa gabana yana faɗuwa, ba zan ɓoye muku ba. Wannan karon ban buɗe tukunyar kowa ba. Ƙofar ɗakinsu na fara dubawa, na ga ko wurin maƙala kwaɗo babu a jikinta. Na zagaya baya na tura sabuwar ƙofar, ta buɗe da hannu ɗaya. Hajiya tana biye da ni, sai da na gama ta ce, “Duba da kyau, 'yata. Duk ranar da kika ga wani abu, ki faɗa mini, ko da zan ji haushi.”

Ta kuma ɓullo da wani abu da ya riƙa ba unguwa dariya. Lokaci-lokaci sai ta buga murfin tukunya da rana tsaka, kowa ya san wanda zai ɗauka da ƙofar da zai bi, a fito da mutanen gidan gaba ɗaya zuwa gindin darbejiyar waje. Maɗinkin nan yana kan kekensa yana cewa a yi sauri, shi ya ƙone tun ɗazu. Baffa kuwa ranar ce ranar jin daɗinsa, yana gaba yana ba da hannu.

Baffa ya ƙara kusan shekara biyu a gidan. Yana yawonsa a tsakar gida yadda yake so, in ya nufi ƙofa ƙararrawa ta yi ƙara, wani ya taso ya ce, “Direba, zo mu sha shayi tukuna,” ya dawo. A kan gadonsa ya cika, da hantsi, mahaifiyata da Hajiya suna zaune a gefensa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu da naku.

Abin da ya zauna mini a rai daga wannan lamari shi ne, duk wanda ke gidan nan mutumin kirki ne. Babu mugu ko ɗaya a labarin. Hajiya tana son mutanenta, mai kula da su yana wanke musu abin da 'ya'yan cikinsu ma sai sun daure, mu kuma muna ganin mun kai Baffa inda ya fi aminci. Duk da haka saura ƙiris mu binne mutum uku a rana ɗaya. Da can in na ji ana maganar ƙa'idojin hukuma a irin waɗannan wurare, ina ɗauka neman wahalar da mutane ne kawai. Yanzu na san kirki daban, tsari daban, kuma mara ƙarfi yana buƙatar duka biyun. Don haka in larura ta sa za ku kai naku irin wannan gida, kar kunya ta hana ku tambaya. Ku ce a nuna muku ta inda za a fitar da shi in wani abu ya faru, da wanda zai ɗauke shi, da wanda ke nan in kowa ya fita. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Makahon nan ya rasu bayan Baffa, amma maɗinkin yana nan da ransa, har yanzu a gidan yake. Watannin baya aka aurar da jikarsa, Hajiya ta sa aka kai shi wurin ɗaurin aure a kekensa, da babbar riga da hula. Da na je yi masa murna na same shi a baranda yana ta ba baƙi labarin yadda aka yi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, Allah ya sanya alheri, ashe da rabon za ka ga wannan rana.”

Idonsa ya kawo ruwa. Can ya share da hannunsa mai lafiya ya ce, “Na gani kuwa, Malama. Har cewa na yi a juyo da ango in duba ɗinkin rigarsa. Wuyan ya karkace, amma na yi shiru, tunda yaron kirki ne.”